Tarihin Kayan Aikin Rubuta Bayanin API da Gwada Ingancinsa

A ranar 23 ga watan Satumba na shekarar 1999, wani kumbo mai suna Mars Climate Orbiter, mallakar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ya kewaya bayan duniyar Mars. Tun daga lokacin ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya shafe fiye da wata tara yana tafiya. An tsara zai kusanci duniyar da tazarar kilomita 226, amma lissafin da aka yi daga baya ya nuna ya sauko har wajen kilomita 57, inda kaurin iska ya fi ƙarfin abin da zai iya jurewa.

Da kwamitin bincike ya fitar da rahotonsa a watan Nuwamba na wannan shekara, sai aka ga ashe tushen matsalar yana nan ƙasa, tsakanin manhajoji biyu. Ɗaya ta kamfanin Lockheed Martin ce, ita ke lissafa ƙarfin turin da ƙananan injunan kumbon ke yi, ta zuba sakamakon cikin wani fayil. Ɗayar kuma ta masu saita hanyar kumbon ce, ita ke karanta fayil ɗin. Ta farkon ta riƙa rubuta lambobinta da ma'aunin fam irin na Amurka, ta biyun kuwa ta ɗauke su a ma'aunin niyuton, alhali fam ɗaya na ƙarfi daidai yake da niyuton 4.45. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne akwai takardar yarjejeniya da ta fayyace cewa da niyuton za a yi aiki. Takardar ba ta yi kuskure ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsaya ya gwada abin da manhaja ke fitarwa da abin da aka rubuta.

Wannan giɓi na tsakanin takarda da aiki shi ne ya haifar da kusan duk kayan aikin da za a ambata a nan. API taƙaitaccen suna ne na mahaɗar da wata manhaja ke buɗe wa wata don su yi magana: ga abin da za a tambaya, ga sigar da za a yi tambayar, ga irin amsar da za ta dawo. Alkawari ne, a taƙaice. Mai amfani da shi ba ya ganin cikin manhajar da yake yi wa magana, bayanin da aka rubuta masa kaɗai ne idonsa. In bayanin ya tsufa ko ya saɓa wa gaskiya, to ya zama makaho mai bin ɗan jagoran da ya ɓace hanya.

Daga Kambirij zuwa Bell Labs

Matsalar ta girmi sunan. A Jami'ar Kambirij ta Ingila, kwamfutar EDSAC ta fara aiki a watan Mayu na 1949. Masu kula da ita suka lura cewa akwai ayyukan da kowa ke buƙata, irin su raba lamba ko buga sakamako, don haka suka rubuta su gutsure-gutsure a kan tef ɗin takarda mai huda-huda, suka adana domin kowa ya ɗauka ya haɗa da nasa aikin. A 1951 Maurice Wilkes da David Wheeler da Stanley Gill suka wallafa littafi kan yadda ake shirya wa kwamfuta umarni, wani babban sashe nasa kuwa jerin bayanan waɗannan gutsattsarin ne, kowanne da abin da yake yi da yadda ake kiransa. Shekara ɗaya bayan haka Wheeler ya gabatar da wata gajeriyar maƙala inda ya nuna cewa ko an gama rubuta gutsuren an gwada shi, da sauran aiki, wato rubuta bayanin da wanda bai san cikinsa ba zai iya amfani da shi, kuma wannan na iya zama mafi wuya duka. Shi kansa laƙabin da aka taƙaita zuwa API sai a 1968 ya bayyana a wata maƙala ta Ira Cotton da Frank Greatorex.

Mataki na gaba ya fito daga ɗakunan bincike na Bell Labs a Amurka. A watan Nuwamba na 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da littafin jagora na farko na tsarin Unix. Muhimmancinsa yana cikin sigarsa: kowane shafi da kanun da ba sa sauyawa, suna, yadda ake kira, bayani, abubuwan da ke da alaƙa, har da wani sashe na musamman da marubuci ke lissafa kurakuran da ya san suna nan bai gyara ba. Wannan sashe na ƙarshe ya cancanci yabo, domin ba kowane mai sana'a ke rataya aibin hajarsa a bakin shago ba. Har yau wanda ya buga umarnin man a kwamfuta mai Linux zai ga wannan siga kusan yadda take.

A wannan gida dai, a 1978, Stephen Johnson ya fito da lint, manhajar da ke karanta kod ɗin harshen C ba tare da ta gudanar da shi ba, ta nuna wuraren da ke da alamar tambaya. Sunan ya samo asali ne daga ɗan burbushin zare da ke maƙalewa a tufafi. Daga cikin abin da take dubawa har da ko an kira wani aiki da adadi da irin bayanan da ya ce yana karɓa, ko da kiran yana wani fayil, aikin kuma yana wani. Wato na'ura ta riƙa tsare alkawari tsakanin ɓangarori biyu na manhaja.

Bayani ya tare a gidan kod

Muddin bayani yana wani wuri, kod yana wani, to rabuwarsu lokaci kawai take jira. Mai gyara kod da tsakar dare ba zai tuna da shafi na 40 na littafin jagora ba. Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya ga maganin shi ne a haɗe su a fayil guda. Tsarinsa mai suna WEB, wanda ya bayyana a wata maƙala ta 1984, yana da manhajoji biyu: TANGLE tana zare kod daga rubutun ta miƙa wa na'ura, WEAVE kuma tana fitar da littafi mai kyan bugu domin mutum. Da shi ya sake rubuta manhajarsa ta TeX. Tunanin ya burge masana, amma bai karɓu a kasuwa ba, saboda yana neman mai rubuta manhaja ya zama marubucin littafi, abin da kaɗan ne ke da haƙuri ko baiwar yi.

Wanda ya karɓu shi ne ƙaninsa mai sauƙin hali. Da kamfanin Sun Microsystems ya fito da harshen Java a tsakiyar shekarun 1990, ya zo da Javadoc. Ba a ce kowa ya rubuta littafi ba. An ce dai ya ajiye ɗan sharhi a saman kowane aiki, ya sa alamar @param ga abin da aikin ke karɓa, @return ga abin da yake mayarwa, sai manhajar ta tattara su ta mai da su shafukan intanet masu mahaɗai. Sunan aiki da irin bayanan da yake karɓa daga kod ɗin kansa ake ɗauko su, saboda haka wannan ɓangare ba ya iya tsufa. A 1997 Dimitri van Heesch ɗan ƙasar Holan ya fitar da Doxygen, wadda ta kai wannan dabara ga C++ da wasu harsunan.

Sai dai an toshe rabin ɓarakar ne kawai. Sharhin da mutum ya rubuta da hannu yana iya kwana kusa da kod shekara biyar yana faɗin abin da kod ɗin ya daina yi tuntuni, kusanci bai hana ƙarya ba. Ƙari a kan haka, sauƙin abin ya haifar da dubban shafuka da ba su ce komai ba, inda za a tarar da aiki mai suna "ɗauko suna" an yi masa bayani da cewa yana ɗauko suna. Tim Peters ya kawo wata dabara mai wayo a harshen Python, wato doctest, wadda ta shiga cikin harshen a 2001: idan marubuci ya sa misali a cikin bayani, manhajar za ta gudanar da misalin, ta gwada amsar da ta samu da wadda aka rubuta, in sun saɓa ta yi ƙara. A nan ne bayani ya fara zama abin da ake iya kamawa da laifi.

Lokacin da API ya fita waje

Duk wannan a cikin kwamfuta guda ake yi, ko a cikin kamfani guda. Daga shekarar 2000 lamarin ya sauya, lokacin da kamfanoni irin su Salesforce da eBay suka buɗe API ɗinsu ta intanet ga mutanen da ba su taɓa gani ba. Yanzu mai kira yana wata nahiya, yana rubutu da wani harshen manhaja dabam, ba shi da wanda zai leƙa ofishinsa ya tambaya.

Amsar farko ta manyan kamfanoni ce. Microsoft da IBM da abokansu suka tsaya bayan SOAP, hanyar aika saƙo cikin sigar XML, da kuma WSDL, wadda aka miƙa wa ƙungiyar W3C a 2001. Fayil ɗin WSDL yarjejeniya ce da na'ura ke iya karantawa, har ta rubuta wa mai kira kod ɗin da zai yi kiran. A ƙa'ida an gama magana ke nan. A aikace kuwa fayilolin sun yi nauyi, mutum ba ya iya karanta su sai da wahala, kayan aikin wannan kamfani kuma ba sa jituwa da na wancan, har ta kai a 2002 aka kafa wata ƙungiya mai suna WS-I domin ta sasanta ƙa'idojin da aka ƙirƙira don sasantawa.

Masu rubuta manhaja suka gudu zuwa ga abin da ya fi sauƙi. Roy Fielding ya bayyana tsarin REST a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a 2000, Douglas Crockford kuma ya yaɗa JSON, siga mara nauyi ta rubuta bayanai. Haɗuwar biyun ta mamaye fagen cikin ƴan shekaru. Amma garin gudun nauyin WSDL an yar da amfaninta. Kusan shekara goma bayanin yawancin API na intanet shafi ne da wani ya rubuta da hannu, wato an koma inda Wheeler ya bari. An gwada WADL, wadda Sun ta miƙa wa W3C a 2009, ba ta samu magoya baya ba.

Mafita ta ɓullo daga inda ba a zata ba, wato daga ƙamus. Wordnik ƙamus ne na Turanci a intanet, yana da API da mutane da yawa ke kira. Injiniyansa Tony Tam ya gaji da sabunta bayani da kuma rubuta kod ɗin kira na harsuna daban-daban duk lokacin da aka sauya wani abu. Sai ya tsara wata siga ta bayyana API cikin JSON, ya kira ta Swagger, aka sake ta ga jama'a a 2011. Daga fayil guda ake samun abubuwa da dama, amma wanda ya sace zukata shi ne Swagger UI: shafin bayani ne mai maɓalli, mai karatu ya cike gurabe ya danna, kiran ya tafi ga API na gaske, amsa ta dawo a gabansa. Gani ya kori ji. Bayanin da ake iya dannawa yana tona asirin kansa nan take in ya yi ƙarya.

Ba ita kaɗai ba ce a fagen. A 2013 MuleSoft ta fito da RAML, Apiary kuma da API Blueprint, kowacce da magoya bayanta, aka yi ƴan shekaru ana ja-in-ja. A 2015 kamfanin SmartBear ya sayi Swagger, kafin ƙarshen shekarar kuma ya miƙa sigar ga wata sabuwar ƙungiya a ƙarƙashin Linux Foundation, wadda Google da IBM da Microsoft da PayPal ke cikin waɗanda suka kafa ta. Daga farkon 2016 sunanta ya koma OpenAPI. Ba lallai ne ta fi kishiyoyinta kyan tsari ba, mutane da yawa sun fi jin daɗin rubuta RAML. Abin da ya ba ta nasara shi ne ta riga su tara kayan aiki, sannan ta fita daga hannun kamfani guda. Apiary da MuleSoft su ma daga baya suka shiga ƙungiyar. Siga ta 3.0 ta fito a watan Yuli na 2017, ta 3.1 kuma a watan Fabrairu na 2021.

A gefe guda, a Bangalor ta Indiya, Abhinav Asthana ya rubuta wata ƴar manhaja a 2012 don sauƙaƙa wa kansa gwada API daga cikin burauzar Chrome. Ita ce Postman, wadda ta zama kamfani a 2014.

Mai gadi a bakin ƙofa

Samun siga guda da na'ura ke karantawa shi ya buɗe ƙofar sarrafa aikin ba da hannun mutum ba. Tsohuwar dabarar lint ta dawo da sabuwar riga: Spectral ta kamfanin Stoplight tana karanta fayil ɗin OpenAPI ta duba ko ya bi dokokin gidan, misali ko kowane kira yana da bayani da misali, ko an faɗi abin da zai dawo idan an samu kuskure, ko salon sunaye iri ɗaya ne. Dredd ta Apiary ta ɗauki hanyar doctest, tana aika kiraye-kirayen da ke cikin bayani ga API mai rai ta gwada amsoshin. Pact, wadda aka fara a 2013 a wani kamfanin tallan gidaje na intanet a Ostireliya, ta juya lamarin: mai kira ne ke rubuta abin da ya dogara da shi, sai a riƙa gwada mai ba da amsa da wannan jeri kafin ya saki kowane sauyi. Akwai kuma masu gwada tsohon fayil da sabo su nuna ko an cire wani abu da zai karya aikin mutane.

Kowanne daga cikinsu ba shi da ƙarfi in an bar wa mutum ya tuna ya gudanar da shi. Ƙarfinsu ya zo ne da aka ɗaura su a kan manhajoji irin su Jenkins da GitHub Actions, waɗanda ke tashi da kansu duk lokacin da wani ya kawo gyara. In gwaji ya faɗi, gyaran ba zai shiga ba, ko na wane ne. Abin da a da yake roƙo da tunatarwa ya koma ƙofa mai kwaɗo. Wannan ya kuma ƙarfafa masu ra'ayin a fara rubuta yarjejeniya kafin kod, a kan masu ra'ayin a ciro ta daga kod bayan an gama, muhawarar da har yau ba ta mutu ba.

Abin da na'ura ba ta gani

Duk da haka akwai iyaka. Hyrum Wright, lokacin da yake injiniya a Google, ya lura cewa idan masu amfani da API suka yi yawa, to duk wata ɗabi'a tasa da ake iya gani, ko an yi alkawarinta ko ba a yi ba, sai an samu wanda ya jingina aikinsa da ita: jerin da amsoshi ke zuwa, kalmomin saƙon kuskure, har tsawon lokacin da amsa ke ɗauka. Fayil ɗin yarjejeniya bai ƙunshi waɗannan ba, don haka mai gadin da ke karanta shi ba zai san an taɓa su ba. Haka kuma shafukan da na'ura ke fitarwa ƙamus ne, suna faɗin ma'anar kowace kalma amma ba sa koya wa baƙo magana. Darasin farawa da bayanin dalilin da ya sa aka tsara abu yadda yake, har yanzu aikin marubuci ne.

Iyaka mafi haɗari ita ce ta ma'auni, kuma ta shafi duk mai karɓar kuɗi ta intanet a wannan yanki. Wanda ya san kasuwar Maraɗi ko Damagaram ya san cewa idan mai tumatir ta ce ashirin, dala take nufi, wato sefa 100, domin dala ɗaya sefa 5 ce. Baƙon da bai san haka ba zai ji lambar daidai, ya fahimci kuɗin ba daidai ba. API na biyan kuɗi ma haka suke. Paystack ta Najeriya, wadda Stripe ta saya a 2020, tana karɓar adadi da kwabo, saboda haka mai son karɓar naira 500 sai ya aika 50000. Stripe ita ma da mafi ƙanƙantar ɓangaren kuɗi take aiki, amma sefa, ta yamma da ta tsakiyar Afirka, tana cikin kuɗaɗen da ba su da ƙaramin ɓangare a ma'aunin ISO 4217, don haka sefa 500 ana aika ta 500 ne cif. Mai manhajar da ya saba ninkawa da 100 a Kano, in ya kai kod ɗinsa Yamai ko Garwa bai gyara ba, zai caji mai saye ninki ɗari. A idon Spectral da Dredd babu laifi, domin yarjejeniya ta ce a aiko da cikakkiyar lamba, kuma cikakkiyar lamba aka aiko. Maganar kwabo da sefa tana cikin gurbin bayani, jimla ce da aka rubuta wa mutum. Da za a bi fayil ɗin kumbon Mars da irin wannan gwaji na siga, da ya wuce lafiya lau.

An yi ƙoƙarin koya wa na'ura ma'auni. A Kambirij, garin da EDSAC ta fara aiki, Andrew Kennedy ya rubuta kundin digirinsa na uku a tsakiyar shekarun 1990 kan yadda harshen manhaja zai san bambancin mita da daƙiƙa, daga baya kuma aikin ya shiga harshen F# na Microsoft. A wannan harshe, wanda ya yi ƙoƙarin tara fam da niyuton ba zai ma samu kod ɗinsa ya haɗu ba. Sai dai alamar ma'aunin tana aiki ne lokacin da ake fassara kod zuwa harshen na'ura, bayan nan a goge ta. Idan lambar ta fita daga manhajar ta shiga saƙon JSON za ta ƙetara intanet, tsirara take tafiya. Shi ya sa masu tsara API da suka taɓa ƙonewa suke cusa ma'aunin cikin sunan gurbin, su rubuta adadi da kwabo ko jinkiri da daƙiƙa maimakon adadi ko jinkiri kawai, ko su tilasta a aiko da lambar tare da alamar kuɗinta, NGN ko XOF ko XAF. Wasu kuma sukan ƙara wa Spectral doka ta gida, ta ƙi duk wani gurbin lamba da sunansa bai faɗi ma'auninsa ba.